Zuwa Ga Ɗana, Kan Ƙwaron Da Ka Ba Sunan Wani

Aboabo, Kumasi

Ɗana, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai a Jami'ar Ghana da ke Legon, na ga hoton buzuzun ruwan da ka kamo a kududdufi, na kuma ga sunan da ka rubuta a ƙarƙashinsa. Lallai ka yi gaggawa wajen ba shi suna, tunda ka sa shi a gidan Dytiscidae, wato dangin ƙwarin ruwa masu farauta, alhali ɗan gidan Hydrophilidae ne, masu cin ruɓaɓɓen ganye a gindin ruwa, waɗanda Latreille ya raɗa wa suna tun 1802.

Ban ga laifinka sosai ba, tunda dukansu baƙaƙe ne masu sulɓi da ƙirar kwalekwale, amma kama da wane ba wane ba ne. Ka zuba shi a kwalbar ruwa ka zauna ka yi haƙuri. Idan ya taso shan iska da kai, ya karkata ya huda fuskar ruwa da ɗan ƙahonsa mai dunƙulallen baki, sannan ka ga cikinsa yana walƙiya kamar azurfa saboda iskar da ya tara a can, to ɗan gidan Hydrophilidae ne. Ɗan gidan Dytiscidae kuwa da gindi yake tasowa, yana tuƙi da ƙafafun baya biyu lokaci guda, shi kuma naka ɗaya bayan ɗaya yake jefa su. Dogayen zaren nan biyu da ka ɗauka ƙahonni ne, na baki ne, ƙahonnin na gaskiya suna naɗe a ƙarƙashin kai. Ni ma haka na koyar da ɗalibai shekara guda cur a wata sakandare kafin in gane kuskurena, kuma har yau abin yana ba ni kunya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ruwa ne ya haɗa su, ba jini ba. Dytiscidae suna cikin reshen Adephaga tare da ƙwarin ƙasa na Carabidae, su kuwa naka suna cikin Polyphaga, kuma daga cikin makusantansu akwai Histeridae da ake samu a kan mushe da kashi. A cikin gidan Hydrophilidae ma, mai kusan nau'i 3,000, ba kowa ke zaman ruwa ba. Je ka tona kashin shanu inda ake ɗaure su kafin babbar salla, kana iya samun 'yan reshen Sphaeridiinae, waɗanda kakanninsu suka baro ruwa suka koma tudu.

Ka kuma lura da shekarar littafin da kake dogara da shi. A 2013 Short da Fikáček sun bi sawun ƙwayoyin gado suka sake raba gidan zuwa rassa 6, kuma ɗaya daga ciki, Rygmodinae, daga baya aka mayar da sunansa Cylominae. Saboda haka ka rubuta wuri da ranar kamu a takarda ɗaya, sunan kuma a wata takardar dabam, da fensir, domin ruwan adana ƙwari yana iya wanke tawada.

Idan ka zo hutu za mu je bakin Tafkin Bosomtwe da rariya da tocila. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada ka sake ajiye kwalaben nan kusa da kwanukanta.

Mahaifinka.