Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan allurar da masu wabi ba su samu ba

Assalamu alaikum.

Mai girma Minista, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata allura guda ɗaya mai suna anti-D da wani gwajin jini da ba ya cin minti goma. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ungozomar asibiti, a ɗakin awo da ɗakin haihuwa na yi yawancin aikina. Na san kai likita ne, abin da zan faɗa ba baƙo ba ne a wurinka. Amma wasiƙar a buɗe take, matan da abin ya shafa da mazajensu ma za su karanta, don haka ka yi mini haƙuri in fara daga tushe.

Ban da rukunin jini na A da B da AB da O, akwai wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Rh. Mafi yawan mutane suna da ita, su ne Rh-fozitif. Waɗanda ba su da ita su ne Rh-negetif. A Turai sukan kai kashi 15 cikin ɗari, a Najeriya kuwa wajen kashi 5 ne. Rashin alamar ba ciwo ba ne, mace na iya tsufa ba ta ma san ba ta da ita ba. Matsalar tana tasowa ne idan ta ɗauki cikin ɗan da ya gaji alamar daga mahaifinsa. Ranar haihuwa, ko ɓari, ko zubar jini, jinin jaririn kaɗan yakan shiga jikinta, garkuwar jikinta ta ɗauke shi a matsayin baƙo, ta tanadi makamin yaƙarsa. Ɗan fari yakan tsira, domin kafin makamin ya haɗu ya riga ya fito duniya. Ƙannensa ne ke shan wahala. A ciki na gaba makamin yakan ratsa mabiyiya ya riƙa farfasa jinin ɗan tayi. Wani ya mutu a ciki da kumburi, wani a haife shi fari fat ba jini, wani kuma shawara ta kama shi tun ranar farko, ta hau masa ƙwaƙwalwa, ya rayu kurma ko da shanyewar jiki. Kuma abin yakan ƙara tsanani daga ciki zuwa ciki.

Ranka ya daɗe, a Misau da Kano da Katsina duk mun san sunan da ake kiran irin wannan mace: mai wabi. Mun san Ajuji da Ayashe, sunayen da ake raɗa wa yaro don a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Ba na cewa duk wabi daga Rh yake. Sikila na nan, zazzaɓin cizon sauro na nan, hawan jini na masu ciki na nan. Amma duk lokacin da na ji mace ta ce ɗanta na fari lafiya lau, na bayansa kuma kowanne idonsa ya yi ɗorawa kafin suna ya koma, to rukunin jininta nake fara tambaya. Da wuya ta sani. Kafin ta iso gare mu an sha rubutu, an yi hayaƙi, an zargi kishiya, an zargi iska, wata ma har aure ya mutu.

Maganin wannan abu ya girmi yawancin matan da ke zuwa awo yau. Likitoci a Libaful ta Ingila da Niyok ta Amurka ne suka gano shi, aka fara amfani da allurar anti-D a 1968. Aikinta shi ne ta share jinin jaririn da ya shiga jikin uwa tun garkuwar jikinta ba ta farga ba. Ana yin ta a mako na 28 na ciki, a sake yi cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne, haka nan bayan ɓari, ko cikin wajen mahaifa, ko zubar jini, ko bugu a ciki. In ba a yi ba, wajen mace 16 cikin 100 masu jinin negetif da suka haifi ɗa fozitif jikinsu zai kamu, wato ya haɗa makamin. Allurar bayan haihuwa kaɗai takan sauko da adadin ƙasa da 2, in aka haɗa da ta mako 28 kuwa ko 1 ba ya kaiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa ta cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar ba ta gyara abin da ya riga ya ɓaci. Da zarar jikin mace ya haɗa makamin, ko kwalba goma aka yi mata ba ta da amfani, haka za ta zauna da shi har ƙarshen haihuwarta. Ke nan a cikin fari ake cin nasara ko a faɗi. Cikin fari kuwa shi ne wanda al'adarmu ta fi ɓoyewa. Yarinya tana jin kunya, ba ta faɗa, ba ta fita awo sai ciki ya fito fili. In ya tsufa a mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, katin awon ma sau da yawa a bar shi a ɗakin miji. Ta haihu a gida a hannun ungozoma, kamar mafi yawan matan Arewa maso Yamma, a shiga wankan jego da kunun kanwa, ba maganar fita sai bayan suna. Kwana bakwai ke nan, alhali kwana uku muke da su. Ɓarin wata biyu ko uku kuwa ba a ma lissafa shi, a sha ruwan zafi a yi shiru. Ba kushe al'ada nake yi ba, ni ma a cikinta na tashi. Cewa nake tsarin da zai jira mace ta kawo kanta babban asibiti ba zai taɓa iske waɗannan yara ba.

Wadda ta yi sa'a aka gwada ta ma ba ta huta ba. Sai a rubuta wa miji takarda a ce ya je ya nemo. Kuɗin kwalba ɗaya dubun-dubatar naira ne, daga waje ake shigo da ita, don haka duk lokacin da dala ta motsa ita ma ta motsa. Magidancin da bai ga ciwo a jikin matarsa ba, ga jariri yana tsotso lafiya, ga ragon suna a gabansa, wa zai gamsar da shi ya kashe wannan kuɗi saboda ɗan da ba a ma yi cikinsa ba? In ya daure ya saya, sau da yawa daga kantin da wuta ba ta zama. Allurar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8 ne, ba mu da tabbacin abin da muke tsira wa mace.

Mai girma Minista, kai ka jagoranci hukumar kula da lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, a lokacinka aka fara tura ungozomomi karkara. A Nuwamban 2024 ka sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Abin da nake roƙo bai kai wannan nauyi ba. Ƙasar da ake haihuwa wajen miliyan 7 a shekara, kashi 5 cikin ɗari na nufin mata kusan 350,000. Adadi ne da gwamnati za ta iya yi wa sari a dunƙule, farashi ya sauko.

Roƙona na farko, gwajin rukunin jini ya zama dole kuma kyauta a zuwan awo na farko a kowace ƙaramar cibiya, a rubuta sakamakon da jan biro a bangon kati, a kuma faɗa wa matar da Hausa abin da yake nufi, a faɗa wa mijinta da uwarta. Kayan gwajin ɗigon ruwa ne da faranti, duk cibiyar da ke gwajin zazzaɓi za ta iya. Na biyu, anti-D ta shiga cikin abin da asusun kula da lafiya a matakin farko da inshorar lafiya ta ƙasa ke biya, ta bi hanyar da alluran rigakafin yara ke bi. Firjin nan masu aiki da hasken rana suna nan a cibiyoyi da yawa, motocin da ke kai rigakafin shan inna da ƙyanda suna zuwa. Kwalba biyu ko uku a kowace babbar cibiyar mazaɓa ba za su cika firji ba. Wadda aka san negetif ce kuma ta haihu a gida, ma'aikaciyar lafiya ta bi ta har ɗaki kafin kwana uku, ungozomar unguwa ce za ta kawo labari in an koya mata. NAFDAC kuma ta sa ido a kan wadda ake sayarwa a kasuwa.

Akwai wani abu da nake so ya fito daga bakinka da kanka. Jihohi irin su Kano sun wajabta gwaji kafin aure, mutane sun fara sabawa da jin cewa AS da AS ba sa haɗuwa. Ina tsoron ranar da za a fara fasa aure saboda yarinya negetif ce. Rh ba sikila ba ne, ba ya hana aure, ba ya hana haihuwa goma in Allah ya nufa. A ƙara shi cikin gwajin don amarya ta shiga ɗakinta da sanin jininta, amma a gaya wa limamai da waliyyai a sarari cewa ba dalilin raba masoya ba ne.

Su kuma waɗanda jikinsu ya riga ya kamu, kada a bar su. Suna buƙatar a tura su asibitocin koyarwa da wuri, a tanadi fitilar gasa jarirai masu shawara da jinin O-negetif na musanya wa jariri jininsa, wanda samunsa a bankunan jininmu yakan zama neman dare da waya a hannu. Rajistar masu wannan jini a kowace jiha, da lambobinsu, za ta rage wannan wahala.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa a ga anti-D a kasafin shekara mai zuwa.

Wassalam,
Wata ungozomar asibiti, daga Kano.