Yaran ƙungiyoyin sana'a ba daƙiƙai ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Maganar da baƙonku ya yi a shirin ilimi na daren Alhamis ce ta hana ni sakat. Wai ƙungiyoyin sana'a da na kasuwanci a makarantun sakandare an yi su ne domin yaran da karatu bai shiga kansu, don kada su tashi a tutar babu. Mai gabatarwa bai ce masa uffan ba, sai ma ya ci gaba da karanto sunayen waɗanda suka yi zarra a jarrabawa. Wallahi raina ya ɓaci, domin ni da bakina na ce wa ɗalibaina su riƙa sauraron shirin nan. Washegari da safe wani daga cikinsu ya tare ni a bakin aji ya ce, "Malam, ashe mu ne daƙiƙan makaranta?"

Ni malamin aikin gona ne a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a nan Kano. Ni ke kula da ƙungiyar matasa manoma, da malamin kasuwanci ya yi ritaya ba a kawo wani ba sai aka haɗa mini da ƙungiyar 'yan kasuwa. Yaron da ya yi mini wannan tambaya shi ke riƙe da littafin kuɗinmu. Ina ma baƙonku ya ga littafin nan. Tun daga ranar da muka sayo 'yan tsaki, ya rubuta kuɗinsu, da na buhun abinci, da na gawayin da muke ɗumama musu ɗaki, da na rigakafin Gumboro da Lasota, kowanne da ranarsa. Idan ɗan tsako ya mutu sai ya ja layi da jan biro ya raba asararsa a kan sauran, don ya san nawa kowace kaza ta ci kafin a kai ta kasuwa. Da buhun abinci ya yi tsada ana tsakiyar kiwo, shi ya lissafa ya ce mana idan muka wuce mako bakwai ba mu sayar ba, kajin za su fara cin uwar kuɗi. Haka kuwa aka yi, muka sayar a kan lokaci, kowa ya karɓi jarinsa da ribarsa. Wannan ne yaron da za a ce lissafi bai shiga kansa ba?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, abin da baƙonku ya faɗa da baki mu a makarantu da aiki muke yinsa. A ranar raba kyaututtuka ta bara, kajin da aka soya wa manyan baƙi daga kejinmu suka fito. Ana tsakiyar jawabin babban baƙo lasifika ta ɗauke, kowa ya yi cirko-cirko, sai wani ɗalibinmu da ke zuwa kasuwar Farm Centre koyon gyaran waya bayan an tashi ya ruga ya zaro sukundireba daga aljihu, ya buɗe, ya haɗa wayar da ta tsinke, magana ta dawo. Aka kira na ɗaya a Turanci, na ɗaya a lissafi, gwarzon muhawara, gwarzon kacici-kacici, har da wanda ya fi tsabta. Duk sun cancanta, ɗalibaina ne su ma kuma ina alfahari da su. Amma ba a kira ko mutum ɗaya daga ƙungiyoyin sana'a ba, ko takardar yabo ta kwali ba a ba su ba. Su ne ma aka bari da kwashe kujeru bayan an watse. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Mahaifin mai gyaran lasifikar nan yana zaune a rana tun hantsi yana jiran ya ji sunan ɗansa.

Kuma fa ba mu muka ƙirƙiro wannan abu don raɗin kanmu ba. Tun 1982 da aka shigo da tsarin ilimi na 6-3-3-4 aka ce yaro ya fita makaranta da abin yi a hannunsa. Na tsararmu sun tuna manyan akwatunan kayan aikin kafinta da na ƙarfe da aka jibge a makarantu, da yawa suka yi tsatsa ba a buɗe su ba, saboda babu wuta babu malami. A 2011 hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta sa darussan sana'a 34 a manhajar babbar sakandare, aka wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, ɗan ajin kimiyya ne ko ɗan ajin adabi. A 2025 gwamnatin tarayya ta rage su zuwa shida, ciki har da haɗa sola, da ɗinki, da kiwo, da gyaran waya da kwamfuta. Ga hukumar NABTEB guda tana shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci, kuma da takardarta ana shiga manyan makarantu. To idan darasi ya zama dole a kan kowa, ta yaya ƙungiyar da ake koyonsa da hannu za ta zama matattarar raggwaye? Jihar nan ta ga amfanin girmama fanni. Da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, aka nuna wa yara cewa shiga can abin alfahari ne, kowa ya san likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu. Irin wannan darajar kawai muke nema wa yaran sana'a.

Roƙona shi ne ku ba yaran nan fili kamar yadda kuka ba baƙonku. Ku turo wakilinku da na'urarsa ya zagaya makarantu ranar da ƙungiyoyi ke haɗuwa, mu tamu Laraba ce bayan azahar. Ya ji da kunnensa, ya duba littafin kuɗin, sannan idan za ku karanto sunayen zakaru ku haɗa da nasu. Shugabannin makarantu suna jin ku, idan kuka fara za su bi.

Sai kuma tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar wannan shiri. Don Allah Malam Edita, shirin yara ne da iyayensu. Wasu kalaman da ake yi a tallan nan ba su dace uba ya ji su yana zaune da 'ya'yansa mata ba, sai dai mutum ya yi wuf ya rage murya. Ku mayar da shi can cikin dare, ko ku tace shi kafin ku saka.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin aikin gona, Kano