Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni kan saran maciji

Assalamu alaikum Alhaji, tare da gaisuwa mai yawa.

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya, ka bugo waya ana dab da rufewa, ka ce: "Malama, in ba jahilci ba, me zai sa maciji ya sari mutum a wuce da shi gidan mai magani, alhali ga asibiti?" Kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, bari in ba ka amsa a bainar jama'a.

Wannan "ga asibiti" da ka faɗa, a nan muka raba hanya. Na yi shekaru ina aikin jinya a wani asibitin karkara, kuma macijin da ya fi kawo mana mutane shi ne kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa. Gajeriya ce, launinta ya saje da ƙasa, takan kwanta ƙarƙashin kara ko harawa. Waɗanda take sara su ne manomi lokacin shuka da girbi, da yaro mai kiwo, da matar da ta je itace, yawancinsu da silifa ko ƙafa ba takalmi. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai zo da ƙafarsa yana hira, washegari jini ya fara fita ta dasashi, ya fito a fitsari. Gane shi ba wuya: mu ɗebi jini a kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga. Daga nan ne ake shiga uku, domin gwajin yana hannunmu, maganin kuwa sau da yawa babu.

Allurar kashe dafin da aka haɗa musamman don macizanmu, EchiTAb, ba a ƙasar nan ake yin ta ba. Macizan daga Najeriya aka kwashe su zuwa Liverpool ta Ingila aka tatsi dafinsu, nau'i ɗaya na allurar a Birtaniya ake sarrafa shi, ɗayan a Kosta Rika. Da kuɗin ƙasashen waje ake sayo ta, to ka san abin da faɗuwar naira ta yi mata. Kafin wannan ma, kamfanin Sanofi ya daina yin wata allurar kashe dafi mai suna Fav-Afrique a 2014 saboda ba ta kawo riba, ragowar da ke ajiye ta lalace a 2016. Wa zai zuba jari a maganin da masu bukatarsa ba su da ko kuɗin mota? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya ta dalilin saran maciji, amma sai a 2017 ta mayar da shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Yanzu ka sa kanka a matsayin magidancin da aka kawo wa ɗansa daga gona bayan la'asar. Cibiyoyin da suka ƙware a wannan aiki ƙalilan ne, irin su Kaltungo a Gombe da Zamko a Filato. In ƙauyensa ba kusa da su yake ba, zai nemi ɗan acaba, ya ratsa rafi in damina ce, ya isa ƙaramin asibiti a ce masa a yi gaba. A babban asibitin a rubuta masa takarda ya je kemis, inda mai yiwuwa abin da za a sayar masa an yi shi ne don macizan Indiya, ba ya taɓa dafin kububuwa. Na ga mutumin da ya sayar da akuyoyinsa biyu a daren, kwalbar allura ɗaya ya samu, yaron kuwa yana bukatar ƙari. Mai maganin gargajiya yana bayan gida, ya san mahaifin yaron, kuma zai jira a biya shi bayan kaka. Ga wani abu da ke ƙara masa suna: ba kowane sara ne ke zuba dafi ba, wasu macizan ma ba su da shi. Irin waɗannan ko ruwan sanyi aka ba su za su tashi, sai yabo ya tafi ga mai magani.

Kada ka ɗauka kare tsagar da masu magani ke yi nake yi. Tsaga wurin saran ga wanda jininsa ba ya daskarewa ganganci ne. Ɗaure ƙafa tamau da roba ya jawo an yanke ƙafafun da ba su kamata a yanke ba, baƙin dutsen da ake liƙawa a wurin saran kuma ba ya zuƙe komai. Ina faɗa wa mutane haka ido da ido: a cire zobe da awarwaro, kada a motsa gaɓar, a kama hanya nan take. Sai dai nakan ji kunya in na ce su kama hanya, alhali na san firjinmu ba kwalba ko ɗaya, wani lokacin ma ba wuta.

A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fita. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma je ka tambayi mai kiwon shanu ko ya taɓa ganin katin.

Alhaji, daga yadda kake magana na fahimci kana da shiga wurin manya. Girbi ya ƙarato. Don Allah in ka haɗu da kwamishinan lafiya na jiharku, ka tambaye shi kwalba nawa aka sayo bana, kuma a wane asibiti aka ajiye su.

Wassalam,
'Yar'uwarka, ma'aikaciyar jinya.