Kayan ɗakina sun fi ƙarfin ɗakin, ina kuma jin nauyin Inna

Assalamu alaikum Anti. Ina gaisuwa, ya aiki, ya fama da jama'a? Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kike yi wa mata a wannan fili. Ina roƙon kada ki ambaci sunana, don 'yan'uwana da dama suna sauraren shirin.

Ni 'yar Talatar Mafara ce, aure ya kawo ni Gusau, yau wata takwas ke nan. Maigidana malamin makaranta ne, mutumin kirki, babu abin da zan ce ya rage ni da shi. Damuwata a kan ɗakina take. Na san wata za ta ji ta ce wannan ai ba damuwa ba ce, ga masu neman abin sawa a baki. Gaskiyarta. Amma abin ya kai ina kwana da shi ina tashi da shi, shi ya sa na rubuto miki.

Muna haya ne a Tudun Wada, ciki da falo, a gidan da iyali huɗu ke zaune. Ba haka maigida ya so ba. Tun da rashin tsaro ya koro mutane daga ƙauyuka zuwa cikin Gusau, gidan haya ya yi wuya ya yi tsada, ya yi wata uku yana nema kafin ya samu wannan. Na ɗauki tef ɗina na ɗinki na auna: uwar ɗaka ƙafa 12 ce da 12, falo kuma ƙafa 12 da 10. Da a ce babu kaya, ba laifi, mutum biyu za su zauna a wadace.

To amma kayan da aka yi mini na babban gida ne. Gado mai katifa ƙafa 6 da 6, wanda idan an haɗa da allon kansa da durowoyin gefe biyu yakan cinye kusan ƙafa 10 na bango. Sif mai ƙofa huɗu, faɗinsa ƙafa 6, zurfinsa ƙafa 2. Madubi da kujerarsa. Akwatunan lefe shida. A falo kuwa kujeru na zaman mutum bakwai masu kaurin hannu, da teburin tsakiya, da shogilas cike da tangaran, da firij, da teburin talabijin. Kuloli da samira da sauran kwanuka suna cikin kwalayensu an jibge su a kan sif har suna taɓa silin. Duk kayan katakon ruwan hanta ne mai duhu, labulaye ma haka, masu nauyi, ninki biyu, daga Kantin Kwari aka yo saƙonsu.

Ranar jere gwaggonnina sun wuni suna juya kaya. Da la'asar dole aka kira kafinta ya kwance gado ya sake ɗaurawa, aka jingina sif a bangon da taga ta biyu take, ya rufe ta ruf. Tun daga ranar ban sake ganin wannan tagar ba. Tsakanin ƙafar gado da sif ƙafa 3 ce ta rage, idan na buɗe ƙofar sif sai na koma gefe. Ƙofar ɗakin kanta ba ta buɗuwa duka, tana tokare da durowa. Salla a kan wannan ɗan tsukin nake yi, idan maigida zai wuce sai ya jira na sallame. Keken ɗinkina, wanda da shi nake ɗan samun na sabulu tun ina gida, yana nan cikin kwali a bayan kujera, babu inda zan kafa shi.

Na shigo a watan Nuwamba, lokacin hunturu, ban gane wahalar ba sai ƙura da nake fama da ita a lungunan da tsintsiya ba ta kaiwa. Da Maris da Afrilu suka zo, zafi ya haura digiri 40, sai ɗakin ya koma kamar tanda. Taga ɗaya ce a buɗe, iska ta shigo ba ta da mafita. Idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai mu fito tsakar gida mu shimfiɗa tabarma. Anti, ni ban manta da sanƙarau ɗin 2017 ba, wanda ya fi yi wa jiharmu ta Zamfara ɓarna, kuma na riƙe abin da ma'aikatan lafiya suke ta nanatawa, cewa a guji kwana a cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Yanzu ga shi ina da juna biyu na wata biyar. Ina zan kwantar da jariri, ina zan ɗaura gidan sauro, ina masu zuwa barka za su zauna?

Ban zauna haka kawai ba, na ɗan gwada wasu abubuwa, kuma na ga alama. Akwai maƙwabciyata a gidan, ma'aikaciyar jinya ce, ɗakinta daidai da nawa, magini ɗaya, awo ɗaya. Ranar da na fara shiga sai da na tambaye ta ko nata ya fi girma. Bangonta ruwan madara ne, labulenta fari mara nauyi, ta kuma ɗaura sandarsa can sama kusa da silin ya sauko har ƙasa, sai ido ya riƙa ganin bangon ya yi tsawo. Gadonta ƙafa 4 da rabi ne, mai durowa a ƙarƙashi, nan take ajiye zannuwan gado da kayan sanyi. Kujera ɗaya doguwa gare ta mai siraran ƙafafu, ana hango ƙasa ta ƙarƙashinta, sai tum-tum biyu. Talabijin tana manne a bango. Ita ta ce mini faɗin ɗaki a ido yake farawa: gwargwadon ƙasan da ido ya gani a fili da hasken da ya shigo, gwargwadon yadda rai zai sake.

Da na dawo na cire ninki ɗaya na labulen falo, na fitar da teburin tsakiya na kai ɗakin ajiyar gidan, na naɗe ƙananan dardumomi uku da suka yayyanka ƙasa na bar leda ɗaya shimfiɗe. A ciki kuma na roƙi maigida muka juya madubi ya fuskanci tagar da ta rage, muka sa farin ƙwan fitila a madadin mai ruwan ɗorawa. Wallahi da safe hasken ya ninka, har shi da kansa ya ce kamar an ƙara wa ɗakin ƙafa biyu. A nan na gane duhun kaya yana shanye haske, fari kuma yana mayar da shi. Sai dai duk wannan shafa ce a sama. Muddin gado da sif da kujerun nan suna nan, ɗakin ba zai numfasa ba.

Anan ne gizo yake saƙar, Anti. Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Kin san alkunya irin ta iyayenmu, ko sunana ba ta faɗa, ba ta taɓa zaunar da ni ta ce tana sona ba. Amma tun ina aji ɗaya a sakandare take zubin adashi, duk kwasar da ta yi sai ta sayi kwano ko kula ta ɓoye a ƙarƙashin gadonta. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, da su ta tara. Baba kuma noman rani yake a filayen Bakolori, shinkafar shekara guda ya sayar ya biya kafinta kuɗin gado da kujeru. Duk abin da ba su faɗa mini da baki ba, shi ne jibge a ɗakin nan. Idan na kalli kulolin da ke kan sif, hannun Inna nake gani a bakin kasko. Ta yaya zan buɗe baki na ce sun yi mini yawa?

Na taɓa gwada zancen da Gwaggo, ƙanwar Baba, da ta zo duba ni. Ta lura babu teburin tsakiya, ta tambaya, na gaya mata. Sai ta ce: "Ke 'yar nan, ki rufa wa uwarki asiri. Ɗakin mace shi ne mutuncin gidansu. Ranar suna dangin miji za su shigo su ƙirga, idan suka ga wayam cewa za su yi ba a yi miki komai ba, ko kuma a ce mijinki ya fara sayar miki da kaya." Wannan ta ƙarshen ce ta fi tsaya mini a rai, don bawan Allahn nan ko cokali bai taɓa ɗauka ba. Da na shawarce shi cewa ya yi: "Kayanki ne, ni ba zan sa baki ba, kada a ce ni na zuga ki. Abin da kika yanke ina bayanki." Na fahimce shi, amma ya bar ni ni kaɗai da nauyin.

A raina ban yarda cewa mutuncin iyaye sai an toshe taga yake tabbata ba. Iyayenmu mata sun yi jeren kwalla da tasoshi har rufi, amma su a gidan gado suke, ga tsakar gida mai faɗi, ga rumfa, ɗaki na kwana ne kawai da ado. Mu kuwa a ciki da falon nan muke wuni, a nan muke cin abinci, a nan muke karɓar baƙi. Yanayin zama ya sauya, ma'aunin kayan ɗaki bai sauya ba. Duk da haka ba na son na zama ni ce zan koya wa Inna wannan da abin da zai sosa mata zuciya.

Ga abin da nake saƙawa, ki duba mini. Ina tunanin na mayar da kujeru biyu ƙanana da shogilas da rabin kwanukan gida, a ajiye wa ƙanwata da ake shirin sa wa rana, a ce gudummawata ce. Ko hakan zai zama mayar da kyauta? Ko kuwa ya fi na nemi wani ɗaki a gidan surukaina na ajiye, duk da ina tsoron gara da ɓera da kuma ƙananan maganganu? Sannan wa ya kamata ya kai wa Inna zancen, ni da bakina, ko na bi ta wurin Yaya, babbar 'yar wan Baba, wadda Inna ke jin maganarta? Kuma yaushe, kafin haihuwa ko sai an yi suna an watse, tun da idon mutane a ranar yake?

Ta wajen gyaran kansa ma ina neman haske. Wani kafinta ya ce zai iya rage gadon ya cire durowoyin gefe, ya raba sif gida biyu ya sa masa ƙofa mai zugewa, don a buɗe tagar da ta toshe. Ina tsoron kada a ɓata kaya masu tsada a zo ana da-na-sani. Shin gara a yi hakan, ko a yi musaya da ƙanana ko da za a yi asara? Idan kuma an bar su, fenti mai haske yana kama katakon da aka riga aka shafa wa mai sheƙi, ko ɓarewa zai yi? Kujerun kuma, idan na ɗinka musu riguna ruwan madara da kaina, zai rage musu nauyi a ido? Mai gidan da muke haya ya hana buga ƙusa da sauya fenti, bangon kuma shuɗi ne mai duhu. Akwai hanyar da zan samu kanta ta ajiya a tsaye ba tare da huda bango ba, ko dai maigida ya sake zuwa ya roƙe shi, mu yi fentin da kuɗinmu? Abin da za mu iya kashewa kaɗan ne, albashin malami ne, ga hidimar haihuwa tafe. Idan abu ɗaya kawai za mu iya yi a yanzu, wanne ya kamata mu fara da shi?

Inna ta aiko cewa za ta zo ƙarshen wata idan hanya ta yi kyau, kuma an ce ta riga ta sa a yi wa jariri ɗan gado da durowar kaya. Har yanzu ban san inda zan ce a sauke su ba. Don Allah Anti ki taimaka ki amsa mini kafin lokacin, idan da hali ki gaya mini har kalmomin da zan fara da su.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ƙanwarki, mai saurarenki kullum,
daga Tudun Wada, Gusau.