A Daina Kwafar Taswirar eTOM Akwati-Akwati Wajen Gina Manhajojin Kamfanonin Sadarwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin jan hankalin injiniyoyi da shugabannin sashen fasaha na kamfanonin sadarwa kan wani kuskure da ke cinye kuɗi da lokaci, wato yadda ake amfani da ƙa'idojin TM Forum, ƙungiyar haɗin gwiwar kamfanonin sadarwa ta duniya, wajen gina manhajoji bisa tsarin SOA.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, SOA na nufin a rarraba aikin kamfani zuwa hidimomi masu zaman kansu. Wannan tana karɓar oda, waccan tana lissafin kuɗi, wata kuma tana kunna layi, kowacce da ƙofarta da sauran ke ƙwanƙwasawa. TM Forum, wadda aka kafa a 1988, ta tanadi taswirori uku da suka fi shahara: eTOM ta jera ayyukan kamfani akwati-akwati, SID ta fayyace bayanai da dangantakarsu, TAM kuma ta rarraba manhajoji gida-gida. ITU ma, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓi eTOM a matsayin shawararta mai lamba M.3050.

Inda gizo ke saƙar shi ne, sai ka ga an buɗe eTOM an mayar da kowane akwati hidima guda. Ita kuwa eTOM bayanin abin da kamfani ke yi ce, matakai-matakai, ba ta ce ga inda za a yanka manhaja ba. Wanda ya bi ta har ƙasa zai wayi gari da tarin ƙananan hidimomi, oda ɗaya sai ta yi zarya tsakaninsu kafin a kunna wa mutum layi, kuma duk zaryar da aka ƙara, an ƙara wurin da saƙo zai maƙale.

Abin da ya fi aiki shi ne a fara da tambayar wa ke da wane bayani, a nan ne SID take da amfani. Ɗauki mai sayen intanet na gida ta wayar faiba mai gudun megabit 100. SID ta raba wannan ciniki hawa uku. Akwai haja, wato abin da aka sayar masa da farashinsa da sharuɗɗansa. Akwai hidimar sadarwa da ke cika alkawarin, ita ma kashi biyu ce: wadda mai saye ke gani, wato samun intanet, da wadda ke ɓoye a netwok, kamar saitin VLAN, wato keɓaɓɓiyar hanyar da ake ware wa saƙonni a cikin netwok. Sannan akwai kayan aiki, wato ramin haɗa waya da aka ware masa a OLT, na'urar kamfani da wayoyin faiba ke fitowa daga cikinta, da akwatin ONT da ke karɓar wayar a gidansa. Kowane hawa a ba shi mai shi guda ɗaya. TM Forum ta tsara ƙofofi, kowacce da lambarta: odar haja ta shigo ta ƙofar TMF622, a warware ta zuwa odar hidima ta TMF641, ita kuma ta nemi kayan aiki ta TMF652. Kundin hajoji yana TMF620, kuma daga can kaɗai za a karanta farashi. Ranar da sashen talla ya ƙirƙiro sabon tayi, kundin kawai za a taɓa, netwok ba ta ma san an yi ba.

Idan aka haɗe hawan nan, abin da ke biyo baya sananne ne. An rubuta sunan tayi a cikin manhajar kunna layi, an canja sunan a talla, oda ta faɗi. Ko kuma adireshin mai saye yana wuri uku, kowanne da irin rubutunsa, mai ɗaura waya ya tafi gidan da ba shi ba.

Sai maganar gazawa a tsakiyar hanya, wadda zanen kan allo bai cika nunawa ba. A ce an ware rami a OLT, an zo saitin VLAN ya ƙi. Dole a samu matakin warwarewa da zai saki ramin, in ba haka ba rajistar kayan aiki za ta riƙa nuna na'ura ta cika alhali ramuka na zaune babu kowa. Haka kuma idan amsa ta yi jinkiri, manhaja takan sake turo saƙon, kuma matuƙar babu lamba ta musamman da ke bin kowace oda daga farko zuwa ƙarshe, za a buɗe oda biyu a caji mutum sau biyu. Cajin ma kada ya fara sai hidima ta aiko tabbacin cewa layi ya kunnu.

Muna kuma gargaɗi kan ESB, wato babbar hanyar da saƙonni ke bi a tsakiya. Aikinta kai saƙo da sauya masa siffa. Da zarar an fara cusa mata dokokin kasuwanci, irin su wa ya cancanci rangwame, ta zama sabon dodon da kowa ke tsoron taɓawa.

SID ɗin ma ba a haɗiye ta gaba ɗaya. Faɗi gare ta ƙwarai, domin an yi ta ne ta ɗauki kowane irin kamfani. A zaɓi tafiya ɗaya, misali daga oda zuwa caji, a ɗebi abin da tafiyar ke buƙata, abin da kamfani ya ƙara na kansa kuma a rubuta shi daban don kada ya cakuɗe da na asali idan sabon bugu ya fito. Tsohuwar manhajar lissafin kuɗi kuwa ba sai an rushe ta ba. A sa mata ƙofa mai bin ƙa'ida a gaba, a bar tsohuwar ƙofar tana aiki har sai mai amfani da ita na ƙarshe ya ƙaura, sannan a rufe.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin tsara manhajojin sadarwa