Rahoton Ayyukan Shekara: Sashen Furen Okid Mai Kara

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi masu lambun furanni a Jos da kewaye.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne renon okid mai kara, wato Epidendrum, wanda asalinsa daga nahiyar Amurka ne. Irin da ya fi yawa a hannunmu shi ne radicans, ɗan asalin Meziko, Amurka ta Tsakiya da Kolombiya, mai jan fure da ruwan lemo, wanda saiwarsa ke fitowa a jikin kara. Tsaunin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ya karɓe shi, sanyin hunturu bai taɓa shi ba.

Asarar da muka yi daga hannunmu ta fito. Da yawanmu sun ji an ce okid, sai suka tura shi can ƙarƙashin mangwaro, cikin baƙar ƙasa irin ta dashen rosa. Da ruwan Yuli da Agusta ya kankama, tukwane suka riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe. A wani lambu da kwamiti ya ziyarta, muna ɗaga tukunya sai wari, saiwar ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Waɗanda suka tsira kuma suka yi tsawo zalla, ganye kore shar, fure ko ɗaya babu. Wannan shuka rana take so. Idan ganyen ya ɗan yi ja-ja, to hasken ya ishe shi.

Shi ya sa muka yi zaman horo kan haɗin dashe: gawayi, ɓawon kwakwa da tsakuwa, a tukunya mai huji da yawa, a kafa masa sanda kada iska ta karya shi. Taki kuwa a tsarma shi sosai, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Wajen yaɗa iri an samu ci gaba. 'Ya'yan da ke tsirowa a jikin kara, waɗanda mutanen Hawai ke kira keiki, yanzu membobi sun daina gaggawar cire su. Ana bari sai saiwarsu ta kai tsawon yatsa. Amma har yanzu wasunmu na yanka shuka bayan shuka da almakashi ɗaya ba tare da ƙona bakinsa a wuta ba. Ta nan cutar bairos ke yaɗuwa, kuma ba ta da magani, sai dai a tuge a ƙone. Mun faɗa, mun sake faɗa.

Kasuwa ba laifi, masu saye daga Abuja sun fi son tukunyar da ta riga ta yi fure. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga ya ɗan dame mu da rani, an shawo kansa.

Baɗi muna son haɗa kuɗi mu sayi ragar inuwa a sari, musamman saboda ƙanƙara. Waɗanda ake bi kuɗin wata-wata su ga ma'aji kafin taro na gaba.

Sakataren ƙungiya