Ta'aziyyar wani tsohon mahalbin Adar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a jaridarku domin in yi ta'aziyyar ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami, da Allah Ya yi wa rasuwa a kakar da ta wuce a ƙauyenmu da ke yankin Kaita cikin jihar Tawa, yana da shekara casa'in da ɗoriya. Bai taɓa riƙe sarauta ko muƙami ba, bai kuma shiga lakwal ba, amma na ga ya cancanci a rubuta wani abu a kansa, domin jaridu sun saba da ta'aziyyar ministoci da attajirai, alhali kuwa mutane irinsa ne suka riƙe Adar a lokacin da ta kusa gagarar zama.

Ba shi da takardar haihuwa. Kakarmu ta ce tana goyonsa aka yi yunwar 1931, wadda fara ta haddasa, kuma da wannan muke lissafin shekarunsa. Yana saurayi aka soke aikin tilas a 1946, yana magidanci da ƴaƴa Nijar ta samu ƴancin kai a 1960. Da damina manomi ne kamar kowa, yana noma gero da dawa da wake a gandun gidanmu, amma da zarar an ɗaure damma an zuba a rumbu, sai ya rataya kwari da baka, ya kira karnukansa, ya shiga daji. Ya gaji halbi daga wajen kawunsa, kuma a ƙuruciyarsa ya kai har arewa, wajen Abalak da Cintabaraden, inda ya ga garken barewa da jimina da mariri da idonsa, abin da jikokinsa a yau suke saurare kamar tatsuniya.

Abin da na fi so masu karatu su sani shi ne ka'idojin da ya yi farauta da su, domin mutanen birni da yawa sun ɗauka mahalbi shi ne ya ƙarar da namun daji. Marigayin ba ya halbin dabba mai ciki ko mai shayarwa, ba ya kwashe ƙwan zabon daji gaba ɗaya, ba ya fita farauta idan ruwan farko ya sauka, saboda lokacin haihuwa ne da ƙyanƙyasa. Idan ya samo nama, sai an fitar da rabon tsofaffi da matan da mazansu suka rasu kafin tukunyar gidansa ta hau wuta. Ya iya duba sawu ya faɗi ko na jiya ne ko na asuba, ko dabbar tana gudu ne ko tana kiwo. Mutumin da ke tafiya da ƙafa da baka, wanda ya san cewa baɗi ma zai dawo wannan daji, ba ya iya ƙarar da garke. A ganina, kuma a ganinsa, abin da ya ƙarar da su shi ne fari na 1973 da na 1984, da gonakin da suka cinye daji, da masu bin dabba a mota da bindiga har ta faɗi don gajiya. A shekarar 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji a duniya baki ɗaya, jimina kuwa a Nijar yanzu sai a wurin kiwo irin na Kelle a jihar Damagaram. Lokacin da aka kafa dokar farauta da kare namun daji a 1998, shi ya daɗe da rataye bakansa, ba don wani ya hana shi ba, sai don ya ce abin da ya rage iri ne, kuma ba a cin iri.

Sanin dajinsa ya fi amfanar mutane a shekarun yunwa fiye da shekarun nama. A 1984, da rumbuna suka ƙare, dabbobi suka mutu, samari da magidanta suka tafi bida zuwa Abijan da Legas, shi ya ƙi tafiya. Ya san kwarin da anza ke da yawa, ya kai mata su tsinko ƴaƴanta a jiƙa kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita a ci dilo. Ya san inda ake samun jiga da yaɗiya, da inda karangiya ta zuba iri a share a sussuke, da gurbin da za a haƙa cikin yashin korama a samu ruwa ba da nisa ba. Gidaje da dama a ƙauyenmu ba su watse ba saboda haka, kuma tsofaffin matan da suka zo gaisuwa ranar addu'ar uku sun faɗi wannan da bakinsu.

A wannan shekarar ce aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kowa ya san mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin, suna dakon duwatsu a ka ana biyansu da abinci, kuma matarsa, Allah Ya jiƙanta, tana cikinsu. An jera duwatsu a kan fako don tare ruwa, an haƙa ramuka a gefen tsaunuka, an dasa itatuwa miliyoyi. Ba na rage wa injiniyoyi da masu ba da kuɗi komai daga yabonsu, sai dai idan ana ba da labarin yadda Adar ta sake yin kore, ba a cika ambaton wanda ya nuna hanyar da ruwa ke bi idan ya gangaro, ko wanda ya hana awaki cinye dashen bayan motocin aikin sun tafi ba. A gonarsa kuwa, tun kafin a fara wayar da kai a kan sassaben zamani, ba ya tumɓuke tohon gawo da kalgo da sabara, domin ya lura cewa gawo na zubar da ganye da damina, gero na yin kyau a ƙarƙashinsa, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

A gida mutum ne mai ƙarancin magana. Ya riƙe ƴaƴansa da marayun yayansa, har da ni, bai taɓa bambanta ƙwaryar tuwonmu ba. Da aka zo ɗaukar yara lakwal, a zamanin da wasu iyaye ke ɓoye nasu, shi ya kama hannuna ya kai ni, ya ce: "Ɗana, daji yana ƙarewa, ka je ka koyo abin da za ka ci da shi." Har tsufa ya hana shi nisa, kullum bayan sallar asuba sai ya dogara sanda ya zagaya gonar.

Roƙona, Malam Edita, shi ne a hanzarta ɗaukar muryar sauran tsofaffin mahalba da masunta da makiyaya da ke raye. Akwai Jami'ar Jibo Hamani a nan Tawa, akwai cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka a Yamai, akwai kuma gidajen rediyon karkara da ke kusa da mutanen. Ɗalibi ɗaya da wayar hannu zai iya zama da tsoho ya rubuta sunayen itatuwa da ciyayi da amfaninsu, da wuraren da namun daji suke a da, da dabarun tsira a shekarar fari. Wannan ba don tarihi kaɗai ba ne: raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai, da ba su kai hamsin ba a 1996, yanzu sun haura ɗari shida saboda an haɗa kai da mutanen ƙauyukan wurin, kuma duk wanda zai so maido da barewa ko jimina a arewacin Tawa zai buƙaci sanin inda suke kiwo da hanyoyin da suke bi.

Allah Ya jiƙan Baba Ƙarami da rahama, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙurin rashi.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Tawa